Daƙiƙa 33: lissafin tsallaken bai-ɗaya a wata mahaɗar kasuwa a Kano

A yankin da ya haɗa Kantin Kwari, Singa da kasuwar Sabon Gari, ƙafa ce babbar abin hawa. Mai shago ya aiki yaronsa sito a tsallake ya ɗauko dila, ɗan dako ya jido katan-katan zuwa inda motar Haɗeja ko ta Maraɗi ke lodi, mace ta sauka daga adaidaita ta nufi layin 'yan atamfa. Duk sai sun ƙetare titi, wasunsu sau da yawa kafin la'asar. Wannan nazari ya ɗauki mahaɗa guda irin ta wannan yanki, mai titi huɗu da danja, domin amsa tambaya ɗaya: za a iya tsayar da ababen hawa kaf na ɗan lokaci a bar masu ƙafa su wuce ta kowace fuska, ba tare da an kulle kasuwa da cunkoso ba? Wannan dabara ita ce tsallaken bai-ɗaya.

Yadda mahaɗar take

Babban titi ya miƙe gabas da yamma, layi uku na zuwa, uku na dawowa, da dakali a tsakiya. Daga gefe zuwa gefe mita 22 ne. Ƙaramin titi ya ratsa shi kudu da arewa, faɗinsa mita 14, ba shi da dakali sai farin fenti. Waɗannan alƙaluma da na lokacin da ke tafe na aiki ne, an daidaita su don lissafi ya fito sarai. Wanda zai yi aikin a ƙasa sai ya zo da tef da agogo ya sa nasa.

Danjar tana sakin hannu ɗaya-ɗaya. Gabas ta samu kore na daƙiƙa 30, yamma 30, kudu 20, arewa 20. Tsakanin hannu da hannu akwai daƙiƙa 5 da ba ta kowa ba: 3 na ruwan ɗorawa, 2 na ja a ko'ina don wanda ya shiga a makare ya fice. An haɗa, zagaye ɗaya daƙiƙa 120 ke nan, minti biyu cif.

A cikin minti biyun nan ba a rubuta wa mai ƙafa ko daƙiƙa ɗaya ba. Abin ma ya wuce rashin rubutawa, domin tsarin da kansa ya hana a samu lokacin da titi guda zai zama wayam daga gefe zuwa gefe. Ka ɗauki titin yamma. Rabinsa da motoci ke shigowa mahaɗa yana tsaye a hannu uku cikin huɗu. Rabinsa na fita kuwa kullum yana karɓar mota: idan an saki gabas, masu miƙewa nan suke faɗawa, idan an saki kudu ko arewa, masu kwana nan suke karyowa. Ba ya samun sarari sai an saki yamma ɗin kanta, a daidai lokacin da ɗaya rabin ya tashi. Saboda haka duk mai tsallakawa sai ya yi zango a tsakiya. A babban titi yana da dakali ya raɓe. A ƙarami, a kan fenti yake tsayawa, adaidaita na gogar rigarsa ta gaba da ta baya.

Shi ya sa abin da ake gani a wajen ba taurin kai ba ne, duk da direbobi haka suke kiran sa. Mutum ya ɗaga hannu ya kutsa, direba ya leƙo ya ce, “Malam, ka gaji da duniya ne?” Shi kuwa da zai tsaya jiran lokacinsa, sai magariba ta same shi a wurin. Tsofaffi su kan jira wani matashi ya ce, “Baba, kawo hannunka,” ko jami'in KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta jihar Kano, ya tare hannu biyu ya ce, “Hajiya, ku wuce da sauri.” Wannan tarewar da jami'in ke yi da ikonsa ita ce kaɗai lokacin masu ƙafa a mahaɗar, kuma ba ta cikin agogon danja.

Yadda aka zo nan ba boyayye ba ne. An kafa KAROTA a 2012. A Janairun 2013 aka hana acaɓa ɗaukar fasinja bayan harin da aka kai wa ayarin Sarkin Kano Ado Bayero, sai adaidaita sahu ta cike gurbin, ita kuwa ta fi babur cin wuri, kuma a bakin mahaɗa take son sauke fasinja. Gwamnatoci a jere sun zuba kuɗi a gadoji: ta Ƙofar Nassarawa, doguwar gadar titin Murtala Muhammad a Sabon Gari, ta ƙasa a Kabuga da Gadon Ƙaya da Ƙofar Ruwa, sannan Dangi da Hotoro. Sun sauƙaƙa wa mai wucewa da mota, babu musu. Amma mai ɗauke da dila a ka ba ya hawa gadar mota, yana nan a ƙasa tare da danjar da ba ta san da shi ba.

Dabarar da ake magana a kai

Tsallaken bai-ɗaya shi ne a ware wani hannu na musamman a cikin zagaye, a ba dukkan ababen hawa ja, masu ƙafa su tsallaka ta ko'ina, har daga kusurwa zuwa kusurwar da ke daura da ita a karkace. An fara gwada shi a ƙarshen shekarun 1940 a Kansas City ta Amurka da Vancouver ta Kanada. Wanda ya yaɗa shi shi ne Henry Barnes, injiniyan zirga-zirga na Denver, wanda daga baya ya riƙe irin wannan aiki a Baltimore da New York, har ake kiran tsarin rawar Barnes. Wanda duniya ta fi sani shi ne na Shibuya a Tokyo. Landan ta buɗe nata a Oxford Circus a 2009, Toronto ta fara a mahaɗar Yonge da Dundas a 2008.

Masu tura bidiyon Shibuya a Facebook suna cewa a yi mana irinsa a Kano ba sa faɗin ɗaya ɓangaren. Denver da ta yi suna da tsarin ta soke tsallaken karkace a 2011, a lokacin da take sake daidaita danjojinta da jiragen ƙasa na cikin gari. Toronto ma ta soke ɗaya daga cikin nata, na Bay da Bloor, a 2015, saboda jinkirin da ya jawo wa motoci ya rinjayi amfanin da masu ƙafa ke samu a wurin. Tsari ne da ke ci a wata mahaɗa ya faɗi a wata, kuma lissafi ne ke rarrabewa.

Nawa zai ci

Lokacin masu ƙafa kashi biyu ne. Na farko shi ne na tashi, lokacin da ɗan mutum kore ke haske, wanda ƙa'idar Amurka ta sa daƙiƙa 7 a yawancin wurare. Na biyu shi ne na ƙarasawa: wanda ya sa ƙafa a daƙiƙar ƙarshe ta kore dole ya kai gefe kafin a saki mota. Wannan kuwa faɗin titi ne a raba da saurin tafiya. An daɗe ana lissafi da mita 1.2 a daƙiƙa, sai Amurka ta rage zuwa kusan mita 1.07 a 2009 don tsofaffi. A bakin kasuwar Kano, inda akwai mai tura kura, mai goyo da jan yaro, da makaho da ɗan jagora, mita ɗaya a daƙiƙa ya fi kusa da gaskiya, kuma da shi za a yi aiki a nan.

Babban titi mita 22, wato daƙiƙa 22, a haɗa da 7, ya zama 29. Daga kusurwa zuwa kusurwa a karkace kuwa mita 26 ne da 'yan kai, wato daƙiƙa 33 gaba ɗaya. A lura da wannan, domin mutane da yawa suna zaton tsallaken karkace ne ke cinye lokaci. A mahaɗar da titi ɗaya ya fi ɗaya faɗi sosai, bambancin daƙiƙa 4 ne kacal. Abin da ke da tsada shi ne tsayar da kowa da kowa. Idan an yarda an biya wannan, hana mutane bi ta tsakiya rowa ce marar dalili, kuma ko an hana za su bi.

To, daga ina 33 ɗin za su fito? Zagayen danja kamar tuwo ne a kwano ɗaya, lomar da aka ƙara wa wani daga gaban wani aka ɗebo ta. Hanya biyu ce a fili. Ko a bar zagaye a 120 a rage wa motoci, koren da suke rabawa ya sauko daga 100 zuwa 67. Ko a bar musu 100 ɗinsu a tsawaita zagaye zuwa 153.

Don a ga abin da kowace za ta haifar, sai an san nauyin da ke kan kowane hannu. Layi guda, in da kore zai tsaya masa awa cur, yana fitar da ƙananan motoci kusan 1,800, mota ɗaya duk daƙiƙa biyu. Mu ce layin da ya fi cika a gabas yana kawo kashi 18 cikin 100 na wannan adadi, yamma ma haka, kudu da arewa kashi 12 kowanne. Jimlar nauyi kashi 60. A tsarin yanzu gabas na da 30 cikin 120, wato kashi 25, ta fi buƙatarta, layi yana ƙarewa kafin ja. Idan aka matse zuwa 67, rabon gabas daƙiƙa 20 ne, ƙasa da kashi 17 na zagaye, alhali tana buƙatar 18. Kowane zagaye zai bar ragowa, ragowa ta hau kan ragowa, kafin awa guda layi ya toshe mahaɗar da ke baya. Idan kuwa aka tafi 153, gabas na da kusan kashi 20, da ƙyar take numfashi. Tirela ɗaya ta mutu a baki, an gama.

Akwai ma'aunin da injiniyoyi ke amfani da shi tun 1958, wanda F. V. Webster ya fitar a cibiyar binciken hanyoyi ta Ingila. A ɗauki daƙiƙoƙin da motoci ba sa tafiya a zagaye, a ninka sau ɗaya da rabi, a ƙara 5, sannan a raba da abin da ya rage idan an cire jimlar nauyi daga ɗaya. A tsarin yanzu asarar daƙiƙa 20 ce, nauyi kuma kashi 60, wato 0.6: 35 a raba da 0.4, ya ba da kusan 88. Wato ko a yau minti biyun nan ya yi wa mahaɗar yawa, ana tsayar da mutane fiye da kima. Da an ɗora 33, asara ta koma 53, amsa ta haura 210, minti uku da rabi. Babu ɗan Kanon da zai tsaya minti uku da rabi a rana yana kallon fitila, ko yana kan ƙafa ko yana riƙe da kan adaidaita.

Hukuncin wannan mataki a bayyane yake: ɗora tsallaken bai-ɗaya a kan danja mai hannu huɗu ba zai yi ba. Da a nan aka tsaya, da an rufe fayil.

Inda lokacin yake ɓoye

Me ya sa tun farko ake sakin hannu ɗaya-ɗaya? Saboda masu kwanar hagu. Tun da Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama a 1972, mai yin hagu ne ke yanke gaban masu tahowa. Don a kare shi, sai aka tsayar da hannu uku ana sakin ɗaya. Mahaɗar gaba ɗaya tana biyan kuɗin wannan kwana, kuma mai ƙafa ne ya fi kowa biya.

A hana kwanar hagu a mahaɗar, lissafi ya juye. Gabas da yamma su tashi tare, kudu da arewa tare. Hannun motoci ya koma biyu, asarar canji ta sauko daga 20 zuwa 10. Nauyi ma ya ragu, domin hannuwan da ke tafiya tare ba a tara su, wanda ya fi nauyi ake ɗauka: 18 da 12, kashi 30. Masu hagu ba ɓacewa za su yi ba, za su wuce su juyo a gaba su dawo su yi dama, don haka a ƙara musu, a ce 35. Asara 10 da 33, wato 43. Ma'aunin Webster ya ba da kusan 107. Ana iya tsayawa a 100: masu ƙafa 33, canji 10, babban titi 34, ƙarami 23.

A kwatanta da na yanzu. Mai miƙewa a babban titi yana da 30 cikin 120, zai koma 34 cikin 100. Na ƙaramin titi daga 20 cikin 120 zuwa 23 cikin 100. An ba masu ƙafa sulusin zagaye, amma rabon mai miƙewa da mai dama ya ƙaru, zagayen kuma ya gajarta. Ba sihiri a ciki. Lokacin da kwanar hagu ke ci ne aka karɓo.

Saura matsala ɗaya a ɓangaren masu ƙafa. Kore na daƙiƙa 7 a cikin 100 yana nufin wanda ya iso a makare zai jira 93, matsakaicin jira kuma kusan 43. Masu tsara hanyoyi sun daɗe da sanin cewa idan jira ya wuce rabin minti mutane sukan fara kutsawa. Maganin da Toronto ta yi shi ne barin mutane su tsallaka har a lokacin motoci, a gefen da suke tafiya kafaɗa da kafaɗa da su. A tsarin hannu biyu wannan yana yiwuwa: idan an saki gabas da yamma, ƙaramin titi babu mai shigarsa sai mai kwanar dama. Matashi mai sauri ya bi wannan, tsoho da mai kaya su jira hannun da babu mota ko ɗaya. Za a iya kunna wa masu ƙafa kore daƙiƙa 3 zuwa 7 kafin motoci, don mai kwanar dama ya tarar da su a kan titi, ba su tarar da shi ba.

Wanda zai ji a jikinsa

Matuƙin adaidaita ne. Shi ne ya fi kowa yin hagu, kuma duk mita ɗari da aka ƙara masa mai ne, ga balas na jiran sa da yamma. Idan wurin juyawa ya yi nisa, wanwe zai yi, abin da aka gyara a mahaɗa ya lalace a gabanta. Yajin aikin da suka yi a Janairun 2022 ya nuna wa kowa yadda gari ke tsayawa idan sun ajiye makulli. Don haka wurin juyawa ba ƙari ba ne a wannan tsari, shi ne sharaɗinsa: ya kasance kusa, da faɗin da motar kaya za ta karya ba tare da ta ja baya ba, kuma a zauna da shugabannin ƙungiyarsu kafin a taɓa fitila. Idan babu inda za a buɗe shi a babban titi, wannan mahaɗa ba ta dace ba, a nemi wata.

Na biyu masu kasa kaya ne a kusurwa. Mutanen da ke taruwa cikin daƙiƙa 93 suna buƙatar wurin tsayawa. Idan teburin mai lemo da baron mai rake sun cinye kusurwar, taron zai zubo kan titi ya toshe masu dama. Korar su ba ta daɗewa, kowa ya sani. Abin da ke ɗorewa shi ne a ja musu layi 'yan mitoci baya, inda masu jira za su zama masu sayensu.

Sai layin tsayawa. A Kano ja ba ta tsayar da kowa a wuri ɗaya, kowa yana ɗan gusawa, musamman idan lambar ƙirga lokaci ta kusa sifili. A danja ta yau wannan gusawar ba ta da babbar illa. A tsallaken bai-ɗaya kuwa tsakiyar mahaɗa cike take da mutane a daƙiƙoƙin ƙarshe, kuma mafi rauni ne ke rage a ciki. Saboda haka a hannun masu ƙafa gara a kashe wa direbobi lambar ƙirga, a bar wa masu tsallakawa tasu, a ja layin tsayawa baya, jami'i ya tsaya a kansa maimakon tsakiya. Aikin jami'in ma zai sauya, daga ba da hannu zuwa tsare layi. Wanda duk ya taɓa lura ya san idan mutum ya karɓi aikin fitila yakan riƙe hannu ɗaya har sai ya ga ƙarshen layi, zagaye ya yi tsawo, mai ƙafa ya sake rasa rabonsa.

Makaho kuwa a da da kunne yake gane lokacinsa, yana bin ƙarar motocin da suka tashi a gefensa. A hannun da komai ya tsaya babu wannan alama, don haka sai an sa wa sandar fitila ƙararrawa. Wuta ma abin dubawa ce: fitila mai aiki da hasken rana tana son a riƙa share farantinta a lokacin hunturu, in ba haka ba batir ya gaza da sassafe, daidai lokacin 'yan makaranta.

Abu na ƙarshe, mahaɗar ba ta buƙatar tsari ɗaya dare da rana. Akwatin danja na zamani yana ɗaukar jadawali da yawa. Daga hantsi zuwa magariba, lokacin da kasuwa ke ci, a kunna hannun masu ƙafa kowane zagaye. Bayan isha a cire shi a gajarta zagaye zuwa minti ɗaya, domin tsayar da mota daƙiƙa 33 a kan titin da babu kowa shi ne ke koya wa direba raina ja. Juma'a bayan an sauko daga masallaci tana son nata jadawali, haka ma goman ƙarshe na azumi, lokacin da Kwari ke cika da masu sayen kayan sallah har dare.

Gwajin ba ya buƙatar siminti. Fenti, fitilun masu ƙafa a kusurwa huɗu, alamar hana hagu, da durom-durom a wurin juyawa sun isa na wata uku. Kafin a fara, a ƙirga abu uku a awannin cunkoso: mutum nawa ke tsallakawa, nawa ne a cikinsu ke nufin kusurwar karkace, da tsawon layin motoci a kowane hannu. A sake auna abin da layi guda ke fitarwa, domin 1,800 ɗin nan na motocin da ke bin layi ne, adaidaita kuwa uku sukan jeru a wurin mota biyu. Bayan wata ukun a maimaita ƙirgar. Idan masu bin karkace ba su taka kara sun karya ba, ko layin wurin juyawa ya dawo ya cike bakin mahaɗa, a goge zanen tsakiya, a bar hannu biyu da koren da ke riga motoci tashi.